SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: YADDA AKE AUNA ƘARFIN KARA

Duk wanda ya fita daga birnin Bauci cikin watan Oktoba, ko hanyar Jos ya bi, ko ta Dass, ko ta Gombe, ko kuwa ta Ningi, ba zai yi nisa ba sai ya ga dawa ta yi layi dama da hagu, wata ma ta kai tsawon mutum biyu, zangarniya tana ta rangaji. To amma in ya ƙara lura, zai ga nan da can akwai gonar da ta kwanta kamar an bi ta da abin daɓe, alhali kuwa ta maƙwabci tana nan tsaye, ko kara ɗaya bai karye ba. Iska ɗaya ce ta bi ta kansu, a dare ɗaya, ƙasar kuma iri ɗaya ce. Mutanen ƙauye sukan ce rabo ne, kuma gaskiya ne kowa da rabonsa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa wani kara yakan tsaya wani kuma ya faɗi, kuma masana sun daɗe da gano cewa ƙarfin kara abu ne da ake iya aunawa a rubuta da lamba, kamar yadda ake auna hatsi da mudu.

Manomi da kansa yakan sare dawa ya kwantar da ita in lokacin girbi ya yi. Abin tsoro shi ne ta kwanta kafin lokacin. In kara ya karye ƙwaya ba ta gama cika ba, hanyar abinci ta yanke ke nan, sai a sami tsaba marar nauyi. In kuwa ta cika amma zangarniya ta taɓa ƙasa mai laima, sai gara da ɓeraye da ruɓa su raba ta tsakaninsu. Bugu da ƙari, tun da yake yawancin manoman wannan yanki sukan haɗa dawa da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, karan da ya faɗi yakan danne na ƙasa da shi, hasara ta zama biyu. Masana sun ƙiyasta cewa karyewar kara takan cinye kashi 5 zuwa 20 daga cikin 100 na masarar da duniya ke nomawa kowace shekara.

Mutanen Bauci ba sa bukatar a kwatanta musu ƙarfin iska. Ba su manta da guguwar da ta auka wa birnin cikin watan Yuni na 2018 ba, wadda ta yaye rufin gidaje masu ɗimbin yawa, ta kayar da itatuwa da turakun lantarki, har aka yi hasarar rayuka. Ita wannan ta zo ne da farkon damina, shuka ba ta tashi ba. Wadda manomi ya fi jin tsoro ita ce ta ƙarshen damina, cikin Satumba da Oktoba, lokacin da amfani ya yi kai, nauyi ya koma can sama.

ABIN DA KE CIKIN KARA

In aka tsaga karan dawa za a ga abu biyu: ɓawo mai tauri daga waje, da totuwa mai laushi a ciki. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ya san wannan, domin da ɓawon yake yin ƙusa, da totuwar kuma yake yin jikin mota. Yawancin ƙarfin kara a ɓawon yake, inda zaruruwa suka cunkushe, wani sinadari da ake kira lignin ya ɗaure su tamau. Totuwa kuwa aikinta shi ne ta tokare ɓawon daga ciki kada ya lotsa, kamar yadda buhun da aka cika yake tsayawa amma wanda babu kome a ciki ya nannaɗe. Gaɓoɓin da ke jere a jikin karan su ma ɗauri ne, kuben ganyen da ya naɗe shi kuma yana ƙara masa tauri.

Wannan tsari ya daɗe yana ba masana mamaki. Tun cikin 1638 Galileyo, shahararren masanin nan na ƙasar Italiya, ya yi bayani a littafinsa na ƙarshe cewa karan alkama yana iya ɗaukar kan da ya fi shi nauyi ne sabili da cikinsa rami ne. Da a ce an dunƙule kayan da aka yi shi da su ya zama siririn sanda marar rami, da bai yi wannan ƙarfi ba. Dabarar da injiniyoyi ke bi ke nan in sun yi turken fitila da bututun ƙarfe.

Faɗuwar shuka iri biyu ce, kuma maganinsu dabam dabam ne. Akwai kifewa daga saiwa, watau karan lafiyarsa lau amma ƙasa ta jiƙe ta saki, sai iska ta tuge shi. Maganin wannan tun kaka da kakanni shi ne huɗa mai kyau. Shukar da ta kife tana ƙarama ma takan lanƙwaso daga gaɓa ta sake ɗaga kai. Akwai kuma karyewa, wadda takan faru a gaɓoɓin ƙasa, ita kuwa ba ta da gyara.

Abubuwan da ke raunana kara sanannu ne. In aka cika takin zamani mai sa ganye, irin su yuriya, ba tare da sinadarin fotash ba, shuka takan yi tsawo da sauri ta bar ɓawonta ba kauri. In aka cunkushe shuka, kowace tana neman rana, sai su tashi sirara. Tsutsar kara takan huda ta cinye totuwa. Kazalika in ruwa ya ɗauke bayan dawa ta fid da kai, shukar takan kwashe zaƙin da ta ajiye a cikin kara ta kai wa ƙwaya, ta bar karan fanko, daga nan sai ciwon ruɓa ya shiga, cikinsa ya yi baƙi kamar an barbaɗa gawayi. Watau sau da yawa shukar da ta fi ƙoƙarin cika zangarniya ita ta fi kusa da faɗuwa.

HANYOYIN AWO

Hanyar da aka fara bi, wadda har yanzu ake bi, ita ce ƙidaya: a shiga gonar gwaji gab da girbi a ƙirga kara nawa ne suka faɗi daga cikin ɗari. Aibinta shi ne ta dogara ga iska. Shekarar da ba a yi guguwa ba, mai ƙarfi da rarrauna duk suna tsaye, ba a san na zaɓe ba. Shekarar da aka yi babba kuwa duk sun kwanta, nan ma ba a koyi kome ba. Shi ya sa masu binciken iri suka nemi hanyar da za su gwada karan da kansu ba sai sun jira hadari ba.

Cikin 1961 wasu masana biyu a Jihar Misuri ta Amurka, M. S. Zuber da C. O. Grogan, suka bayyana wata dabara: a yanko guntun karan masara mai tsawon inci biyu daga gaɓar ƙasa, a busar da shi, a tsayar da shi cikin injin matsa, a danna har ya murƙushe, a rubuta nauyin da ya murƙushe shi. Daga baya aka ƙera wata na'urar hannu mai tsinke a baki, wadda ake soka wa kara yana tsaye a gona, ita kuma ta nuna ƙarfin da aka sa kafin tsinken ya huda ɓawo. Da wannan mutum ɗaya zai iya gwada ɗaruruwan shuke-shuke a yini.

Amma gwajin da ya fi kama da abin da iska ke yi shi ne na tanƙwarawa. Akan ɗora kara a kwance bisa matokarai biyu, a danna tsakiyarsa sannu a hankali har ya karye. A ɗakin gwaji ana yin haka da irin injin nan da injiniyoyi ke gwada ƙarfin rodi da katako, wanda ke rubuta abu biyu a lokaci guda: yawan ƙarfin da aka sa, da kuma yawan lanƙwasar da karan ya yi. Daga nan ake samun lambobi biyu waɗanda bai kamata a rikita su ba. Ta farko ita ce tauri, watau yadda kara ke ƙin lanƙwasa. Ta biyu ita ce ƙarfi, watau iyakar abin da zai ɗauka kafin ya karye. Bincike a kan masara ya nuna cewa su biyun tafiyarsu ɗaya, wanda ya fi tauri galibi shi ya fi ƙarfi. Amfanin wannan kuwa babba ne, domin ana iya ɗan tanƙwara kara a auna taurinsa a sake shi, ba tare da an kashe shukar da ake so a ɗebi irinta ba.

Akwai kuma wani kuskure da aka daɗe ana yi kafin a farga. In aka ɗauki ɗan gajeren kara aka danna shi tsakanin gaɓa da gaɓa, bakin injin yakan lotsa ɓawon tun kafin karan ya tanƙwaru, sai a sami lambar da ta gaza ta gaskiya. Gyaran shi ne a yi amfani da dogon kara, a sa matokaran da abin dannawa duk a kan gaɓa. In an yi haka sai karan ya karye daidai irin karyewar da ake gani a gona.

Cikin 2019 Douglas Cook da abokan aikinsa, waɗanda suka fara wannan bincike a wata jami'a da ke Abu Dabi, suka bayyana wata na'ura mai suna DARLING. Sanda ce mai ƙafa wadda ake takawa a gindin shuka, a tura karan da ita har ya karye, ita kuma tana rubuta ƙarfin turawar da yawan karkatar. Da ita an kai ɗakin gwaji cikin gona ke nan.

GWAJIN BOKITI

Kada mai karatu ya ɗauka sai mai injin miliyoyin naira ke iya wannan aiki. Malamin gona, ko malamin kimiyya a makarantar sakandare, yana iya yinsa da benci biyu, da igiya, da bokiti, da gwangwanin lita ɗaya. A jera bencin da tazarar mita ɗaya, a gitta kara a kai, a rataya bokiti a gaɓar tsakiya, a dinga zuba ruwa lita bayan lita har karan ya karye. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka in an haɗa yawan litocin da nauyin bokitin an sami lambar wannan kara. Masana sukan juya ta zuwa ma'aunin da suke kira niyutan, inda kilo ɗaya yake daidai da niyutan 9.8.

Sai dai akwai sharuɗɗa, in ba a kiyaye su ba aikin banza aka yi. Dole tazarar bencin ta zama ɗaya ga kowane kara, domin in aka ninka tazara, rabin nauyin farko ya isa ya karya shi. Dole a ɗauko karan daga wuri ɗaya a jikin shuka, an fi son gaɓoɓin ƙasa. Dole a yanke su rana ɗaya, domin ɗanyen kara lanƙwasa yake yi, busasshe kuwa ɓallewa yake yi farat ɗaya. A ɗakin gwaji har auna kara ake yi, a gasa shi ya bushe, a sake aunawa don a san yawan ruwan da ke ciki. Dole a auna kaurin kowanne. Daga ƙarshe, kara ɗaya ba ya ba da shaida. Sai an gwada ashirin ko talatin daga kowane iri, a ɗauki matsakaicin.

Dalilin auna kauri shi ne lissafinsa yana da ban mamaki. In kayan cikin iri ɗaya ne, karan da ya ninka wani kauri ya ninka shi ƙarfi har sau takwas. Ko ƙarin rabin santimita, daga 2 zuwa 2.5, yakan kusan ninka ƙarfin. Ga dalilin da ya sa tazarar shuka da cire ta ke da muhimmanci. Tsawo kuwa akasin haka yake yi. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cikin 1744 cewa in aka ninka tsawon siririn ginshiƙi, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na nauyin dā zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe. Ita ma iska in gudunta ya ninka, turawarta sau huɗu take ƙaruwa. Doguwar dawa mai babban kai, a cikin iskar ƙarshen damina, duk lissafin nan uku a kanta suke taruwa.

DARASIN ƘASASHEN WAJE

Wannan matsala ita ce ta kusan hana takin zamani amfani a Asiya. Alkama da shinkafar gargajiya dogaye ne, in an ba su taki sai kai ya yi nauyi su kwanta. Norman Borlaug, wanda ya yi aiki a Meziko, ya yi amfani da jinin wata gajeruwar alkama ta Japan mai suna Norin 10 ya fitar da iri masu gajeren kara, waɗanda suka bunƙasa noman alkama a Indiya da Fakistan, har aka ba shi lambar Nobel cikin 1970. Haka kuma cibiyar binciken shinkafa da ke Filifin ta fitar da gajeruwar shinkafa IR8 cikin 1966. Abin da duniya ta kira juyin juya halin noma, in aka bi diddiginsa, gyaran kara ne. Duk da haka ba a gama da iska ba: ran 10 ga Agusta 2020 wata guguwa ta kwantar da miliyoyin eka na masara a Jihar Ayowa ta Amurka cikin sa'o'i kaɗan.

A nan gida ma an bi wannan hanya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa harsashinta cikin 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ta fitar da gajeruwar kaura mai lamba SK 5912, wadda ba ta kai farafara tsawo ba. Sa'an nan shirye-shiryen raya aikin gona da aka fara da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda daga baya aka faɗaɗa su suka game Jihar Bauci duka, sun yaɗa masara da takin zamani a inda dā dawa da gero ne ke sarauta. Masara kuwa ta fi dawa son taki, ga goyo mai nauyi rataye a tsakiyarta, saboda haka maganar karyewar kara ta ƙara girma.

KARA DUKIYA NE

To, me ya hana manomin Bauci ya rungumi gajeren iri ya huta? Amsar tana jingine a bayan kowane gida. Manomin Amurka ƙwaya kaɗai yake so, karan kuwa inji ya daddatse shi ya bar shi a gona. A ƙasar Hausa kara girbi ne na biyu. Da shi ake danga, da rufin rumfa, da gadon kara. Shi ne makamashin mata a inda itace ya yi tsada. Tokarsa tana shiga girki. Karmami da sauran ganye abincin dabbobi ne da rani, har makiyaya sukan yi yarjejeniya da mai gona a kansa. Takanda ana shan ta kamar rake, karan dafi kuma shi ke rina jar fatar da dukawa ke aiki da ita. Wanda ya kawo wa manomi irin da ya ƙara masa buhu biyu amma ya hana shi dangar gidansa, kada ya yi mamaki in baɗi ya tarar an koma wa farafara. Ga shi kuma doguwar dawar gargajiya tana da wata hikima: ba ta fid da kai sai ruwa ya kusan ɗaukewa, don haka ƙwayarta takan tsira daga ruɓar damina.

Har ila yau, bukatun da ake ɗora wa kara suna karo da juna. Lignin ɗin da ke sa shi tsayawa shi ne kuma ke hana cikin saniya narkar da shi. Akwai irin dawa mai ƙarancin wannan sinadari da aka fitar domin kiwo, dabbobi suna jin daɗinta, amma an san ta da saurin kwanciya. Mai danga yana son tauri, mai shanu yana son laushi, mai ƙera injin yankan kara kuma yana son ya san ƙarfin da wuƙa za ta sa kafin ya zaɓi girman inji. Ba a raba wannan gardama da ido. Sai da awo ne za a iya cewa ga irin da ya tsaya tsakani, dogo daidai gwargwado, mai kaurin gindi, wanda dabba kuma za ta ci.

Akwai misali mai kyau na yadda bincike ke tafiya tare da bukatar manomi. Tsutsar kara takan yi rani a cikin busasshen karan da aka yi danga da shi, in damina ta sauka ta fito ta koma gona. Cewa manomi ya ƙone karansa ƙurmus magana ce da ba zai ji ba. Tun wajen 1980 masu bincike a Samaru suka nuna cewa in aka babbaka karan sama-sama da zarar an gama girbi, yawancin tsutsotsin sukan mutu, karan kuma yana nan da amfaninsa na gini.

ABIN DA YA RAGE GA BAUCI

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman dawa a duniya, Jihar Bauci kuma tana cikin jihohin da ake ji da su a wannan fanni. Birnin yana da duk abin da aikin ke bukata. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa cikin 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka kuma ba ta wannan suna cikin 1988, tana koyar da aikin injiniya da aikin gona. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a hanyar Dass, ga Kwalejin Aikin Gona ta Jiha a Yalwa, ga kuma malaman gona na Shirin Raya Aikin Gona na Jiha waɗanda suka san ƙauyuka lungu lungu. Gonakin kuwa suna farawa ne daga inda gidajen birni suka ƙare, a Miri da Inkil da Bayara da Birshi.

Abin da ake bukata shi ne a haɗa hannu: malamin gona ya tattaro kara daga gonakin Zungur da Galambi da Liman Katagum, tare da sunan iri da yawan takin da aka sa da tazarar shuka, ɗalibin injiniya ya karya su ya rubuta, a maimaita shekara uku ko huɗu, tun da damina ba ta zama ɗaya. Lambar da aka samo a Misuri ba za ta yi wa kaurar Bauci hukunci ba, domin iri dabam ne, ƙasa dabam, iska dabam. In an yi haka, ranar da za a kai wa manomi sabon iri ana iya gaya masa abu uku maimakon ɗaya: buhu nawa yake bayarwa, kwana nawa yake yi, da kuma nauyin da karansa ke ɗauka in an gwada shi da na farafarar da ya gāda.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannun kowane manomi: ya rage cunkoson shuka, ya haɗa taki yadda malaman gona suka tsara kada ya dogara ga yuriya kaɗai, ya yi huɗa a kan kari, ya daina zage ganyen dawa tun ƙwaya ba ta cika ba. In kuma zai ɗebi iri, kada ya tsaya ga girman zangarniya. Ya sunkuya ya murza gindin karan da ya ɗauko ta, in ya ji ya lotsa a hannunsa ya wuce gaba. Hadarin Oktoba ba ya aiko da manzo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.